Shirin da nake yi wa kilomita 10 na farko

Tun da na yi rajistar tseren kilomita 10 da ake haɗawa da gudun fanfalaki na birnin Legas a watan Fabrairu, nake ɗaura takalmi in fita bayan sallar asuba, ko da sanyin hunturun Kano yana ratsa ƙashi. Babban tseren, wanda aka fara a 2016 daga filin wasa na Surulere zuwa Eko Atlantic, kilomita 42.195 ne, amma ni da ban taɓa yin gudun da ya wuce na kamo motar haya ba, goma ma ta ishe ni.

A makon farko na ɗauka cewa atisaye shi ne mutum ya zura da ƙarfinsa duka har sai numfashi ya ƙare. Kafin in cika kilomita ɗaya ƙirjina ya ɗauki zafi, bayan kwana biyar kuwa ƙwaurina ya fara ciwon da ya sa sai na dafa bango nake sauka daga bene. Wani dattijo, tsohon soja da muke haɗuwa a filin wasa, shi ne ya dube ni ya ce, "Ɗana, in ba za ka iya amsa gaisuwa kana gudu ba, to saurin ya yi maka yawa." Ya sa na koma sassarfa ta minti biyu da tafiya ta minti ɗaya, sau uku a mako, kuma ya hana ni ƙara nisan mako da fiye da kashi ɗaya cikin goma.

Wannan shawara ta fi mini wuya fiye da ciwon, domin girman kai ba ya son a gan shi yana jan ƙafa. Mai shayin unguwarmu, wanda a da yake tambayata wa ya biyo ni, yanzu cewa yake yi mai tallan koko ma ta fi ni sauri. Duk da haka ƙwaurin ya lafa, kuma a filin da kowane zagaye yake mita 400, inda 25 ke cika kilomita 10, ranar Asabar da ta wuce na yi 18 ban tsaya ba.

Abin da ke damuna yanzu shi ne iskar Legas. A nan gumi yana bushewa nan take, jiki ya huce, can kuwa danshin bakin teku yana hana shi bushewa, sai zafi ya taru a jiki. Saboda haka na yanke shawarar isa kwana biyu kafin tseren, in rage atisaye a makon ƙarshe, in kuma sha ruwa a duk inda aka miƙo. Takalmin gwanjon da na saya a Ƙofar Wambai shi zan saka, tunda ƙafata ta riga ta saba da shi.