Abin da Kainuwa Ta Koya Mini

A ƙarshen watan jiya na miƙa makullan gonar kifin da na yi wa hidima shekara 3 a bayan birnin Katsina, kuma na ga ya dace in rubuta wa wanda zai gaje ni abin da na sha a hannun tsirran ruwa, tun da shi ma za a tura shi bakin dam ɗebo su.

A damunata ta farko manajanmu ya ce tafkin karfasa ya yi tsirara, alhali mai gona zai zo da baƙi, don haka in nemo abin da zai ƙawata shi. Na je wani kududdufi a hanyar Ajiwa na kwaso kainuwa buhu 2. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, a ba ni mako 2 in ajiye ta a baho tukuna, a ga abin da ta zo da shi." Ya ce yana kiwon kifi tun ina firamare. Na zuba ta a ranar da hannuna, kuma wannan kaso na laifin nawa ne, ban taɓa musunsa ba.

Hausawa sun ce kainuwa dashen Allah, domin ba ta kafa saiwa a ƙasa, tana yawo ne a kan ruwa tana miƙa 'ya'ya ta kowane gefe. Cikin mako 3 ta rufe fuskar tafkin kamar an shimfiɗa tabarma. Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, idan ta rufe ruwa haka, haske ba ya shiga ƙasa, iska ba ta cuɗanya da ruwan, sa'annan da dare saiwoyinta da ruɓaɓɓun ganyenta suna cin iskar da kifi ke shaƙa. A daidai wannan lokaci ne manaja ya ba da umarnin a riƙa kashe injin da ke motsa ruwa da dare saboda tsadar mai. Wata asuba bayan na idar da salla na haska tocila, na ga karfasa sun taru a ɗan gurbin da ya rage suna buɗe baki, wasu kuma sun riga sun kife a ƙarƙashin ganye. Tarwadar tafkin da ke maƙwabtaka ba ta nuna alamar komai ba, domin ita tana iya shaƙar iska daga sama. Da muka kwashe kainuwar na duba gashin saiwarta, sai ga matsattsaku, da ƙwan katantanwa kamar majina, da 'ya'yan mazari waɗanda ke farautar ƙananan kifi.

Da mai gona ya zo, an gaya masa cewa yaron nan ne ya kawo ciyawa ya kashe kifi. Ba a ambaci inji ba, ba a ambaci makon 2 da na roƙa ba, kuma an yanke mini albashi har wata 3. Ina tsaye a wurin na yi shiru saboda ganin girma, kuma shirun nan ya fi kuɗin ci mini rai.

Daga ranar ban sake sa tsiron daji a tafki ko akwatin gilashi ba sai na wanke shi, na yanke ruɓaɓɓen ganye, na tsare shi a baho kwana 14 ina duba bayan kowane ganye. Katantanwar da ke maƙalewa a wurin ba abin wasa ba ce, domin a cikinsu akwai masu ɗauke da cutar tsargiya, shi ya sa na daina shiga ruwan dam ba takalmin roba. Wani dattijon masunci a dam ɗin Daberam ne ya nuna mini yadda ake rarrabe bado: mai farin fure da ganye mai haƙora a gefe da dare yake buɗewa, ya rufe da hantsi, mai shuɗin fure kuwa da rana yake buɗewa. Ya ce, "Ɗana, ka dasa shi a tukunya da laka, ka rufe da yashi, kada ka binne idonsa." Ciyawar kachalla kuwa ba na yarda ta kusanci tafki, wanda ya ga yadda ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Haɗeja da Nguru ya san dalili. Haka ma baƙuwar nan mai fure ruwan shuni da kumburarren wuyan ganye, wadda asalinta Kudancin Amurka ne, ta ɓulla a Najeriya ta Badagiri a 1984; abin da aka rage daga jikinta a shanya a ƙone, kada a zuba a magudana.

Badon da na dasa a tafkin gaba ya shekara 2 yana fure, kuma a gabansa manajan yake tsayar da baƙi su ɗauki hoto. Kainuwar da ta rage na killace ta cikin zoben tiyo a kusurwa guda, ana rage ta kowace Asabar, kuma na bar wa magajina bahon da takalman a bayan ɗakin ajiya.