Tambari nake saye ina cewa mota ce

Ɗan ƙanwata ne ya sa na zauna rubuta wannan. Ya fara aiki, ya ɗan tara abin da ya tara, yanzu mota yake so. Da ya zo nuna mini hotunanta a waya ban bari ya gama yabo ba na jefa masa tambayoyin da kowane mai hankali zai yi: ƙirar wace shekara ce, wane inji ne a ciki, giyarta ta hannu ce ko otomatik, hannu nawa ta bi kafin ta iso nan. Yaron nan ya dube ni sheƙeƙe ya ce, "Haba Kawu, ai motar kamfanin nan ba a yi mata tambaya. Ko ido rufe ka ɗauka." Gabana ya faɗi, don maganar tawa ce. Da bakina na sha faɗinta, har da wannan ɗaga kafaɗar, kuma na daɗe ina biyan kuɗinta.

Ba zan ambaci kamfanin da na liƙe wa ba, don ba su suka ɗora mini wuƙa a wuya ba. Gado na yi. Irinta mahaifinmu ya hau har ya bar duniya, muka tashi muna jin cewa duk motar da ba ita ba gwangwani ce. Motata ta farko ma irinta ce, kuma Allah ya sani ta yi mini halacci. Inji ne mara tarkace, giyar hannu, babu wata kwamfuta da za ta rikice. Ban da bakin mai da birki da taya, ba na tuna ta taɓa neman wani abu a wurina. To wanda ya ga haka, laifi ne don ya koma inda aka karrama shi? Ni har gobe ban ga laifina a nan ba.

A ta biyu abin ya fara. Sabon samfuri ne, shekararsa ta farko a kasuwa, da sabuwar giya otomatik wadda ba a taɓa sa wa irin motar ba. Makanikena, dattijo ne mara son dogon zance, ya zagaya ta, ya leƙa ƙarƙashinta, ya ce, "Malam, wannan ba waccan ba ce, sunan ne kawai ɗaya. Ka bari ta ɗan shekara a kan titi mu ga abin da za ta haifa." Na ce masa tsoron sabon abu ne ke damunsa. Na saya.

Ba a jima ba ta fara fizga in za ta tashi daga giya ta biyu zuwa ta uku. Na ce sabunta ce. Sai ta fara jinkiri da safe, ka taka totur inji ya yi kuka mota na tsaye, can sai ta zabura. Ranar da dattijon nan ya tsiyaye man giyar a cikin wani tsohon kwano, ya tsoma yatsa ya murza, ya ɗaga wa hasken rana. Ɓarɓashin ƙarfe ne ke ƙyalli a yatsansa. Bai ce "na gaya maka" ba, ya dai goge hannu a tsumma ya tafi neman sifana. Da ya zage ni ma da ya fi mini sauƙi.

Abin da na yi bayan nan shi nake jin kunyar faɗa. Akwai wata fitila mai ruwan ɗorawa da ke kunnuwa a gaban direba in inji na da ƙorafi. Tawa ta kunnu ta ƙi mutuwa, duk wanda na ɗauka sai ya tambaya. Sai na yanki baƙin salatif na liƙe ta. Kuɗin gyara kuwa rabi nake gaya wa maiɗakina. A cikin abokai kuma ni ne lauyan kamfanin, ba ko sisi. In an ce giyar samfurin nan ba ta da kyau, in ce direbobi ne ba su iya ba. Kodayake a yi mini adalci, motar nan akwai daɗin zama, kuma a doguwar hanya ba ta gajiyar da mutum. Sannan a lokacin ba kowa ke iya buɗe waya ya ga koken dubban masu irin motar cikin minti biyar ba. Ku da kuke da wannan damar me kuka yi da ita? Bidiyon fitilu da ƙarar salansa kuke kallo.

Da na rabu da ita da asara, kowa ya ɗauka na yi hankali. Na je na sake sayen ta kamfanin. Na ce ai na san kayan gyaranta, makanikena ya san ta, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma ainihin dalilin girman kai ne. Na shekara da shekaru ina yi wa wani abokina dariya don ya sayi motar Koriya, to da wane ido zan dube shi in na sauya sheƙa? Shi kuwa motarsa tana ta kai shi tana dawo da shi. Abin da ban sani ba, ko na ƙi sani, shi ne duniya ta juya ni ina tsaye. Gaskiya ne da Hyundai ta Koriya ta shiga kasuwar Amurka a 1986 da ƙaramar motarta Excel, arha ce ta sayar da ita, kuma ta ɓata wa kanta suna da yawan lalacewa. Amma a ƙarshen shekarun 1990 kamfanin ya fito da garantin shekara 10 ko mil 100,000 a kan inji da giya, ya kuma dage da gyaran aikinsa don kada garantin ya cinye shi. Ni ina nan ina maimaita barkwancin da ya tsufa da shekara ashirin.

Jadawalin inganci ma haka na yi wasa da shi. Shekarar da kamfanina ya hau sama, sai na yi ta nuna wa mutane. Shekarar da ya faɗo, sai na ce an ba masu jadawalin cin hanci. Ban taɓa zama na tambayi me suke aunawa ba. Ashe ba abu ɗaya ba ne. Kamfanin bincike na J.D. Power a Amurka suna da binciken da ke tambayar masu sabuwar mota matsalar da suka gani a kwana 90 na farko, suna da wani na motar da ta shekara uku, kuma suna ƙirga yawan koke a kan kowace mota 100. A irin wannan ƙidaya, wanda wayarsa ta ƙi haɗuwa da rediyon mota ya yi koke, wanda injinsa ya buga ma ya yi koke. Consumer Reports, ƙungiyar kare masu saye a Amurka, su ba sa karɓar talla kuma da kuɗinsu suke sayen motocin gwaji, suna tambayar mambobinsu abin da ya same su cikin wata 12 da suka wuce, suna kuma ba matsalar inji da giya nauyi fiye da ƙananan abubuwa. A Jamus rahoton TÜV, masu duba lafiyar motoci, daga sakamakon duba lafiyar mota na dole ake haɗa shi. Kowanne na da amfaninsa. Sai dai matsayin da ake bai wa kamfani matsakaicin duk motocinsa ne, kai kuma ba kamfani za ka saya ba, mota ɗaya ce, ta shekara ɗaya, mai inji ɗaya, wadda wataƙila ta girmi duk motocin da aka yi binciken a kansu.

Shi kansa tambarin da nake rantsuwa da shi, sau da yawa ƙarfe ne aka manna a ƙarshen aiki. Daga 2005, Toyota Aygo da Peugeot 107 da Citroën C1 a masana'anta ɗaya aka riƙa haɗa su a garin Kolin na ƙasar Czech, da injin fetur iri ɗaya. A Fremont ta jihar Kalifoniya, masana'antar da General Motors da Toyota suka buɗe tare a 1984 ta riƙa fitar da Corolla da tagwaiyarta Geo Prizm, amma a kasuwar tsofaffin motoci Corolla ta fi tsada, saboda suna kawai. Toyota Supra da ta dawo a 2019 injin BMW ne a cikinta, kuma a Ostiriya aka haɗa ta. Kamfanin Tata na Indiya ya sayi Jaguar da Land Rover a 2008, Geely na Sin ya sayi motocin Volvo a 2010. Jakar iskar kariya ta kamfanin Takata na Japan da ta riƙa fashewa tana watsa ƙarfe, wadda ta sa aka janye miliyoyin motoci har kamfanin ya durƙushe a 2017, ba ta zaɓi tambari ba: ta shiga Honda, ta shiga Toyota da BMW da Ford da Nissan. Volkswagen kuma a 2015 ta amsa cewa ta sa manhajar yaudarar gwajin hayaƙi a motocin dizal kusan miliyan 11. To wa kake yi wa biyayya? Su ciniki suke yi da juna, kai kana faɗa da abokinka a kansu.

Na zauna da niyyar jero shawarwari masu yawa, da na tace su ban ga abin da ya rage ba sai kaɗan.

Kada ka sayi samfuri a shekararsa ta farko, ko na wane kamfani ne. Bari wasu su gwada da aljihunsu. Ka nemi sunan samfurin da shekararsa da irin injinsa da giyarsa, ka karanta abin da masu ita ke kuka da shi, ba abin da mai talla ke cewa ba. Wannan aikin yamma ɗaya ne, amma na san ba za ku yi ba, don ba ku iya karanta abin da ya wuce layi uku.

Ka yi lissafin da ni ban taɓa yi ba. Farashin saye shi ne ƙaramin ɓangare. Haɗa man da za ta sha, inshora, taya, kayan gyara, da abin da za ta rage a daraja ranar da za ka sayar. Motar da sunanta ya yi tambari kuɗin sunan ake caje ka tun a farko, kuma masu irinta su suka fi sakaci, don an gaya musu ba ta mutuwa. Mai matsakaicin suna da aka riƙa canza wa bakin mai a kan lokaci ta fi mai babban suna da aka wahalar. Duk da haka kuɗin sunan nan yakan dawo maka wajen sayarwa, don haka ba zan ce asara ce zalla ba. Ka auna da kanka.

Na ce kada ka liƙe wa kamfani ɗaya, kuma ina nan a kan bakana. Amma in makanikan da ke kusa da kai iri biyu ko uku kawai suka iya, kuma kayan gyaransu ne kawai ake samu ba jira, to a cikin waɗannan za ka zaɓa, ko jadawali ya ce wata can ce ta ɗaya a duniya. Motar da ta fi kowacce inganci in ta kwana wata guda tana jiran ƙaramin ƙarfe daga wata ƙasa, ƙafa ce motarka. In kun ce na yi tufka da warwara, na ji.

Ranar da za ka je ganinta kuma, ka bar abokan nan masu cewa "ta haɗu" a gida, ka tafi da makaniken da kai za ka biya, ba wanda dillali ya kawo ba. Ka je da sassafe, ka ɗora tafin hannunka a kan bonet kafin kowa ya taɓa makulli. In ka ji ɗumi an riga an tayar da ita don a ɓoye yadda take tashi a sanyi, ka ce gobe za ka dawo. Ka murɗa makulli rabi ba tare da ka tayar ba, ka tabbata duk fitilun gargaɗi sun kunnu, sannan su mutu bayan inji ya tashi. Wadda ba ta kunnu ba sam, wani ne ya cire ƙwanta ko ya rufe ta, ni shaida ne ana yi. A sa mata na'urar duba kwamfuta, a ɗaga ta a leƙa ƙarƙashi, a zaro man giya a duba launinsa a shinshina. Ka tuƙa ta har ta yi zafi, a cunkoso da kuma hanya mai tsawo. In mai ita ya ce ba a yi wa irin wannan motar haka, ka miƙa masa makullinsa ka kama gabanka.