Wata bakwai ina laɓewa a bayan ofis

Ƙannena da kuka gama jami'a, ko kuke gab da kammala bautar ƙasa, bari in ba ku labarin wautar da na tafka.

Ni mutumin ƙasar Malumfashi ne. Kakana Bamaguje ne da ya karɓi bishara, mu kuma muka buɗe ido muna Kirista a cikin ikkilisiyar ECWA. Duk zamana a makaranta ban san wuyar riƙe bangaskiya ba. Tun sakandare FCS, zumuncin ɗalibai Kirista, ke riƙe da ni, in ka yi fashin zumunci sau ɗaya, kafin dare wani ɗan'uwa ya ƙwanƙwasa maka ƙofa. A bautar ƙasa ma NCCF, ƙungiyar Kirista masu bautar ƙasa, ta tarbe mu tun daga sansani. Na ɗauka ƙarfina ne, ashe goye nake.

Sai na samu aiki a wata ma'aikata cikin birnin Katsina, na kama ɗaki wajen Ƙofar Ƙaura. Sunana irin na annabawa ne, Hausata kuma ta gado, don haka kowa ya ɗauka ni Musulmi ne. Ban ce eh ba, ban ce a'a ba. Da an kira azahar kowa ya ɗauki buta, sai in manna waya a kunne in zagaya gindin wani bedi da ke bayan ofis, ina magana da wanda babu shi. Wata bakwai cur ina wannan abu.

Da yake ba wanda ya san abin da nake, ba wanda ya sa mini ido. Lahadi ta zama ranar wanki da barci. Zakka kuwa na ce sai albashi ya ƙaru. Ranar da aka miƙo mini takardar alawus na tafiya Daura, tafiyar da ko tasha ban leƙa ba, oga ya ce haka ake yi, na sa hannu ko gezau.

Masinjanmu ne ya fasa ƙwan, wani dattijo mai furfura. Ya tarar da ni a gindin bedin ya ce, "Ɗana, wannan waya taka ba ta kuka sai lokacin salla? Sunan ƙauyenku kaɗai ya gaya mini kai wane ne. Wanda ke jin kunyar addininsa, ko ajiyar goro ba na ba shi."

Na ce, "Baba, ka yi gaskiya," don ba ni da ta cewa.

Saboda haka ku faɗa cewa ku Kirista ne tun makon farko a wurin aiki. Ba wa'azi za ku kafa a teburin gwamnati ba, "jibi ina da sujada" ta wadatar. Wasu za su ja baya, ba zan ɓoye muku ba, ni ma na rasa abokin cin abinci guda. Amma yawanci sai suka fi sakin jiki da ni.

Kafin ku bar gida ku karɓi takarda daga fastonku, ku kai ta ikkilisiya ɗaya, ku daina yawon ɗanɗane. Majami'u ba su yi kaɗan a Katsina ba, har a 2023 aka yanke wa 'yan Katolika dayosis nasu, wato yankin da bishop guda ke kula da shi, daga na Sakkwato, bishop ɗinsu Gerald Mamman Musa kuma Bahaushe ne. Ku karɓi wani aiki, ko da koyar da yara a makarantar Lahadi ne, yadda in ba ku zo ba za a ga giɓi a neme ku. Mu manya ma da namu laifin, ba ma tuna ɗan da ya kama aiki sai ranar tara gudummawar gini.

Da takardar alawus ta sake zagayowa, na mayar da ita babu sa hannu, hannuna har rawa yake. Oga ya cire tabarau ya dube ni ya ce, "Au, ashe fasto ne da mu." Sunan ya bi ni har yau, kuma sai da na yi shekara biyu ba a sa ni a tafiya ko ɗaya ba, har da ta gaske.