Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ferret, ƙaramar motar sulke

Assalamu alaikum masu karatu. Makon jiya mun tsaya a barkewar yaƙin basasa a 1967. Kafin labari ya ci gaba, sai na tsaya kan motar da aikinmu ya rataya a kanta, wato Ferret, wadda kamfanin Daimler na Ingila ya riƙa ƙerawa daga 1952 zuwa 1971.

Mutum biyu take ɗauka, direba da kwamanda. Nauyinta kusan tan huɗu, injinta Rolls-Royce B60 mai silinda shida, fetur take sha, kuma a hanya mai kyau tana haura kilomita 90 a awa. Leƙen asiri aka gina ta don shi: ta laɓaɓa gaban runduna, ta gano inda abokan gaba suke, ta kai rahoto ta rediyo, ta janye. Shi ya sa giyoyinta biyar duk suna aiki gaba da baya.

Giyar sai an koya. Da farko ka zaɓi lambar da hannu, sannan ka take fedar hagu har ƙasa, ka saki. Ba kuloci ba ce. Wanda ya take ta rabi-rabi, za ta dawo masa da ƙarfi ta bugi ƙafarsa.

Babban ciwonta kwalta. Tayar gaba da ta baya na kowane gefe a haɗe suke, dole su juya tare. In ɗaya ta fi ɗaya cinyewa, ko iskarsu ta bambanta, ƙarafan da ke juya su sai su yi ta murɗewa har haƙoran giyar taya su karye. Maganinsa a daidaita tayoyi, a riƙa sauka kan yashi ko tsakuwa don taya ta zame, ko a ɗaga ta da jak ta warware.

Sulkenta kuwa bai wuce milimita 16 ba. Yana tare harsashin ƙaramar bindiga, amma ba ya jure makamin fasa tanka ko nakiya irin Ogbunigwe ta Biyafara. A hanyoyin kurmin Gabas, inda itatuwa suka rufe hagu da dama, direba ba ya ganin komai sai ta 'yar taga. Duk kwamandan da ya tura ta gaba babu sojan ƙasa a gefenta, ya miƙa yaransa ga kwanton ɓauna.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga maganar wata motar sulken, wato Saladin.