TARIHIN RAYUWATA kashi na 17: 'yar manomin auduga

Toh jama'a wancan makon mun tsaya inda Abban yara ya samu aiki a Houston muka tattara muka bi shi Amurka. Shekarun farko ba abin faɗa, haihuwa ce da raino da kewar gida. Sai da autata ta shiga makaranta na ce nima wallahi sai na koma aji, na samu gurbi a Prairie View A&M, jami'ar baƙaƙen fata ce tun asali, tafiyar kusan awa ɗaya daga Houston, ga ni da furfura ta fara leƙowa ina zama da sa'annin 'ya'yana.

Kun dai san maganar Baffa ranar da ya cire ni daga sakandare, wai bokon mace a murhu yake ƙarewa. Inna tana tsaye bata ce uffan ba, ita ma tsoronsa take.

Shugabar jami'ar tamu ta Prairie View a lokacin ita ce Dokta Ruth Simmons, ta zo a 2017 bayan har ta yi ritaya. Da na bi tarihinta sai da jikina yayi sanyi. A 1945 aka haife ta a Grapeland nan Texas, ita ce auta cikin 'ya'ya 12, ubanta noman auduga yake a gonar wani a raba amfani da mai gona, kuma zamanin wariyar launin fata ne fa, makarantar baƙi daban ta farare daban. Suka dawo Houston tana ƙarama, malamanta suka tsaya mata ta samu tallafi ta tafi jami'ar Dillard a New Orleans ta gama a 1967, daga nan sai Harvard, ta yi digirin digirgir a 1973 a fannin adabin Faransanci da danginsa. Ni a 1973 ko haihuwata ba a yi ba, amma Baffa na nan da ransa da rawaninsa yana yanke wa 'yan matan gidanmu hukunci, har Yaya Babba da tafi kowa kai a gidan.

Ta yi aiki a jami'ar Princeton da kwalejin Spelman, 1995 aka bata shugabancin Smith, kwalejin mata zalla, ta buɗe musu sashen injiniya, mata fa! Sai 2001 ta zama shugabar jami'ar Brown, baƙar fata ta farko da ta riƙe ɗaya daga manyan jami'o'i takwas da Amurkawa suke ji da su, waɗanda ake kira Ivy League, ta yi har 2012. Abin da yafi burge ni ma ita ta kafa kwamiti ya tono alaƙar jami'ar da cinikin bayi, rahoton ya fito 2006, gidan da take shugabanta ta sa aka bankaɗo. A gidanmu ka tambayi yadda aka raba gonar Kaka ma sai an ce baka da kunya.

Murhu dai na sha shi, har yanzu ni ke tuƙa tuwon gidana, ita ma Dokta Simmons na tabbata ta iya girki, toh sai me? Allah ya jiƙan Baffa, na yafe amma ban manta ba, 'ya'yansa da ke karantawa su yi haƙuri.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan faɗa muku yadda aka yi da kuɗin makarantar, da abin da uwar mijina ta aiko a faɗa min da taji wai na koma boko.