Ƙyauren Kabuga yana Gidan Makama

Yau Asabar ba aiki, sai na raka ɗan yayata Gidan Makama, gidan tarihi na Kano, wai an ba su aikin gida a makaranta kan ƙofofin Kano. Muna shiga muka tarar da tsofaffin ƙyauren ƙofofi a jingine, cikinsu har da na Ƙofar Kabuga, ƙarfe ne aka ƙera falle-falle aka haɗa da ƙusoshi, duk ya yi baƙi. Wallahi na daɗe a tsaye a gabansa, don ta wannan ƙofar sojojin Turawa suka shigo birni ran 3 ga Fabrairu 1903 ƙarƙashin Kanar Morland, lokacin Sarki Alu ya tafi Sakkwato da mayaƙa masu yawa.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne sai da Turawan suka fara gwada Ƙofar Dukawuya suka kasa, ga su da igwa fa, saboda magina sun lanƙwasa ganuwa a wajen yadda ƙofar ta shige ciki, duk wanda ya tunkaro ta sai ya sha kibiya ta hagu da dama daga kan badala, shi ya sa suka zagaya Kabuga. Wannan lissafi ne na mutanen da suka san yaƙi, kuma da tubali da ƙasa da azara kawai suka yi shi. Ƙofar ma ba faɗi gare ta ba, doguwa ce kamar zaure, raƙumi da kayansa ya wuce shi ke nan, ga gwalalo a waje cike da ƙaya, dare na yi sarkin ƙofa ya rufe sai kuma da safe. Tun zamanin Sarki Gijimasu wajen 1095 zuwa 1134 aka ɗora harsashin ganuwar nan, Muhammadu Rumfa ya zo ya faɗaɗa ta.

Da la'asar muka hau adaidaita zuwa Kabugan don yaron ya gani da idonsa. To a nan raina ya ɓaci gaskiya, hayaƙi da hon da go-sulo, ganuwar da ya kamata ta kama ƙofa hagu da dama duk ta zaizaye, wani wajen an kwashe ƙasar an yi bulo, wani wajen an yanka fuloti. Yaro ya ce min "Kawu to ta ina ake rufewa?" na tsaya ina nuna masa da hannu inda badala ta bi a da. Ƙofar Na'isa ma haka aka rushe ta a 2010 don faɗaɗa titi aka sake ginawa, ni dai ban ga laifin titi ba, amma ai ana iya karkatar da kwalta ta gefe a bar tsohon gini a inda yake. Na ce masa ranar Litinin ya roƙi malaminsu ya kai ajin gaba ɗaya Gidan Makama, in ma kuɗin mota ne zan taimaka da abin da ya sawwaƙa.