Haƙori ɗaya ya kusa kai ni kushewa

Jiya na tarar da ɗan ƙanwata ya dafe kunci zai hau mashin, wai kasuwa zai je wurin mai cire haƙori, jaka ɗaya an gama. Yaron da a ranar kaciyarsa sai da aka yi masa ƙarin jini! Na ce sauko.

Hemofiliya gare mu, ni da shi, jininmu bai da isasshen sinadarin daskarewa da likitoci ke kira fakto 8. Ta wajen uwa take bi, shi ya sa ta tsallake 'ya'yana maza ta faɗo kansa.

Ina da shekara 24 na yi irin wannan wautar a nan Garwa ta Kamaru. Kwana uku ina haɗiyar asfirin saboda zogi, ban san ƙara tsinka jini take ba, sannan na je aka fizge min haƙorin turmi na ƙasa, ban faɗa wa mutumin komai ba. Lokacin ina neman aure, kunya nake ji a ce mai ciwo ne ni, kuma fisabilillahi wa ya taɓa zaunar da mu ya yi mana bayani? Gwaji ma sai ka shiga jirgin ƙasa daga Ngawundare zuwa Yawunde, da wane kuɗi? Amma dai na san jinina ba ya tsayawa, ƙarya ne in ce ban sani ba. Da rana lafiya lau har shayi na sha, cikin dare na farka matashi ya jiƙe sharkaf, Inna tana cusa min auduga da toka tana salati. Jini leda biyu aka ƙara min.

To ku yaran yanzu da waya a hannu kullum, lemon kwalba kamar ruwa, ga buroshi ba ku iya ba. Masu irin ciwonmu, ku faɗa wa likitan haƙori ciwonku tun kafin ku buɗe baki, ya haɗu da likitan jini a tanadi fakto da maganin traneksamik mai rage zubar jini kafin ranar, don ko allurar kashe zafi ta can ƙuryar muƙamuƙi tana iya tara jini a wuya. Asfirin, ibuprofen, diklofenak, a'a. Farasitamol kawai.

Kar ku bari a taɓa muku haƙori ba shiri. Ruɓaɓɓen da ba ya gyaruwa dole ya fita, da shiri dai. Dadashi na jini ma ku ci gaba da gogewa da buroshi mai laushi, datti ne ke ƙara shi.

Yaron dai ya ce "Kawu, a TikTok an ce kanumfari ya isa." Makullin mashin ɗin na aljihuna har yanzu.